Shanun kawuna bakwai sun mutu a kududdufin bayan gari, wa za mu tambaya?

Jikan Mai Shanu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma don Allah kada a mayar da ita siyasa tun ban dire ba. Ba zan faɗi sunan garinmu ba, kun san halin da ake ciki, amma a yammacin Zamfara yake, cikin garuruwan da ake wankin zinari.

Makon jiya shanun kawuna bakwai suka mutu cikin kwana huɗu. Ba harbi, ba sata. Biyu na gani da idona. Akwai wata farar saniya mai maraƙi ɗan wata uku, na iske ta kafa goshi a gindin kuka tana turawa kamar mai son kayar da itacen, haƙoranta na ƙara ƙaras-ƙaras, yawu na dalala har ƙasa. Na kaɗa hula a gaban idonta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Kafin la'asar ta faɗi tana shure-shure. Yaron da ke kiwonsu ya ce tun da gulbi ya janye suke shan ruwa a kududdufin bayan gari, kuma a bakin kududdufin nan ne samari suka kafa injin niƙan dutse bara, nan suke wanke garin dutsen.

Uku sun mutu mushe. Huɗu an sa musu wuƙa kafin rai ya fita, mahauta suka saya a wulaƙance, aka sayar ranar kasuwa. Ni kaina na ci tsiren ban sani ba.

Kawu ya hau mashin sau biyu zuwa ofishin da ya kamata ya ji wannan magana. Zuwan farko ya iske ƙofa da kwaɗo. Na biyu ya samu mutum ɗaya, ya ce masa babu mai a babur, babu kwalbar ɗaukar jini, ya rubuta masa sunan wata allura a bayan takarda ya ce ya saya a kasuwa. Shi ke nan. Ba a rubuta sunan kawu ba, ba a tambayi sunan garin ba.

Abin da nake so masana su faɗa mini: wannan haƙƙin wa ne? Ruwan nan mata na ɗiba su yi wanki, yara na wanka a ciki.

Dakta na Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar wa kawu da alheri. Kafin mu je ga haƙƙin wa, amsa mini: waɗanda suka mutu mushe, baƙin jini ya fito musu ta hanci ko baki ko dubura, jinin da ba ya daskarewa? Sun kumbura da wuri? Kuma ina aka kai gawarwakin?

Jikan Mai Shanu:
Babu jini ko ɗaya, Dakta, na tambayi yaron. An ja su bayan gari an yar, karnuka suka yi ta kai. Da a ce da ne ungulu za su gama da su kafin azahar, to yanzu ungulun ma sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba.

Dakta na Dabbobi:
To. Ba a yanke hukunci ta waya, sai an auna. Amma makanta, tura kai a jikin itace, cizon haƙora, dalalar yawu da farfaɗiya, a dabbar da ke sha inda ake wanke dutsen zinari, duk wanda ya karanci aikin nan gubar dalma zai fara kawowa a ransa. Na tambayi jini ne saboda ciwon saifa, wanda a rediyo ake ce wa antaraks. Shi yakan kashe farat ɗaya, saniya tana kiwo da safe, da rana ka iske ta a miƙe. An tabbatar da shi a wata gona a Suleja a Yulin 2023, kuma a Janairun 2025 ma'aikatar kiwo ta tarayya ta ba da sanarwar ɓullarsa a nan Zamfara. Idan shi ne, feɗe gawar kawai ya isa ya shuka ƙwayar cutar a ƙasa, ta zauna shekaru gommai tana jiran wata dabba. Irin wannan gawa ba a buɗe ta, ƙona ta ake yi ko a binne a rami mai zurfi.

Abin yi yau, ba gobe ba: a janye sauran shanun daga ruwan. A daina shan nonon garken, musamman yara da masu ciki. Wuta ba ta kashe dalma, ko ka dafa naman kwana guda tana nan, kuma a hanta da ƙoda ta fi taruwa. Idan akwai wanda ya rage da hantar ko ƙodar ɗaya daga cikin huɗun nan, a ƙulla a leda mai tsabta a sa a ƙanƙara. Ita za a auna. Allurar da aka rubuta wa kawu a bayan takarda kuma, in irin ruwan ɗorawar nan ce da ake ba kowace dabba, kada ya ɓata kuɗinsa.

Jikan Mai Shanu:
Ita ce kuwa, har ya saya. Akwai ragowar hanta a wurin matar kawu, ban bari an soya ba. Bari in kira su yanzu.

Malamar Asibiti:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwa, ina karanta rubutunka jikina na rawa, don mun ga farkon wannan labari kuma mun ga ƙarshensa.

Ƙananan cikinmu ba za su tuna 2010 ba. A ƙauyukan Dareta da 'Yar Galma na nan Zamfara agwagi ne suka fara ɓacewa. Mutane suka ga agwagi na mutuwa, aka ce annobar kaji ce, aka wuce. Bayan su sai yara. Yaro ya fara amai, ciki na murɗa, sai sanƙarewa, sai mutuwa. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi ta zargin sanƙarau. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin MSF da suka shigo yawon duba sanƙarau a watan Maris ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Da aka auna jini aka ga dalma ce. Yara aƙalla 400 suka tafi a yankunan Anka da Bukkuyum. Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega, kowanne da nasa.

Yadda abin ya shiga gida shi ne abin tsoro. Maza su kawo dutse daga rami, a niƙa a injin da ake niƙa dawa, mata su daka a turmi su shanya a tsakar gida, ƙura ta lulluɓe ko'ina. Yaro mai rarrafe kuma hannunsa daga ƙasa sai baki. Ƙaramar na'urar da ake auna jinin da ita iyakarta 65, yara da yawa nasu ya wuce nan, sai dai ta nuna ya fi ƙarfinta. Waɗanda suka rayu, wasu sun makance, wasu ƙafa ta mutu, wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu. Suna nan, sun zama samari da 'yan mata, iyaye ne ke ɗawainiyarsu.

Dabba ita ke fara faɗa mana. Agwagwa ta faɗa a 2010 ba mai saurare. Yanzu saniya ta faɗa, an je ofis an iske kwaɗo. Don Allah duk yaron da bai kai shekara biyar ba a gidajen da ake wannan sana'a, a nemi a auna jininsa.

Mai Fatan Alheri:
Allah ya kyauta. Amma a yi adalci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya kafa inji a bakin ruwan sha? Gwamnati? Wa ya yanka saniya mara lafiya ya kai kasuwa? Gwamnati? Komai ya faru sai a ce gwamna, kamar shi ke bin kowa ɗaki. Sannan wane ma'aikaci ne zai ɗauki babur ya shiga waɗancan dazuzzukan a kama shi a nemi miliyoyi? Ku ma ba kwa zuwa sai dole. Kuma ma'adinai ba na jiha ba ne, na Abuja ne, ku tambayi lauyoyi.

Mahaucin Kwata:
Malam, tsaya ka ji. Ni mahauci ne, ubana mahauci, kuma ban ce abin da anka yi daidai ne ba. Amma kai da kake rubutu daga ƙarƙashin fanka, ka taɓa tsayawa gaban mutumin da saniyarsa ke mutuwa? Saniyar ga ita ce bankinsa, ita ce auren ɗiyarsa, ita ce takin bana. In ka ce ya binne ta, mi za ka ba shi? In da ya san ranar da ya kai rahoto za a zo a duba, a biya shi ko da rabin kuɗi ne, wallahi da kansa zai haƙa ramin. Tunda ya san ba kowa, wuƙa ce kaɗai mai jin kukansa.

Kwatar da nike aiki, kullum da asuba mai rasit yana nan, bai taɓa makara ba, ko ranar sallah. Kowace dabba da kuɗinta. Amma mai duba nama, wanda da can ka zuwa da farar riga da wuƙarsa ya tsaga huhu da hanta ya buga hatimi, tun da wanda munka sani ya yi ritaya ba a kawo wani ba. Jini da kashin ciki lambatu ɗaya suka bi, su gangara inda mata ka wanke kwanoni. Ruwan wanke naman ma mu ka saye wurin 'yan ga-ruwa. To kuɗin rasit ɗin ina suka zuwa?

Dillalin Kara:
Sarkin fawa ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A kara ma haka ne. Shiga da kuɗi, fita da kuɗi, lodin tirela da kuɗi, a hanyar kudu kuma shinge bayan shinge, har da mai sunan duba lafiyar dabba, wanda bai taɓa leƙa cikin motar ba. Kuma kada a ce mini gwamnati ba ta iya isa kasuwar shanu. A 2021 da aka ga dama, da sanarwa ɗaya aka rufe kasuwannin dabbobi na jihar nan, aka katse layukan waya, muka zauna a gida muna cin jari. Ashe in an so ana iyawa. Wanda ya iya rufe kara da sanarwa ɗaya ya iya ajiye malamin dabbobi ɗaya a bakin ƙofarta.

Mai Fatan Alheri:
Wancan maganar tsaro ce, daban take.

Dillalin Kara:
Naman da 'ya'yanka ke ci ba tsaro ba ne?

Lauyan Talakawa:
Tunda an ce a tambayi lauyoyi, ga ni. Mai Fatan Alheri ya faɗi rabin gaskiya, rabin da ya bari shi ne ciwon.

Haka ne, tsarin mulkin 1999 ya sa ma'adinai a hannun tarayya kaɗai, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta tarayya ce. Lasisin haƙa daga Abuja yake fitowa. Hukumar NESREA mai sa ido kan gurɓata muhalli ita ma ta tarayya ce. Amma ƙasar da aka kafa injin a kanta, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa amanarta a hannun gwamna. Asibitocin dabbobi da ɗaukar likitocinsu aikin jiha ne. Kwata, kasuwa, kwashe shara, waɗannan tsarin mulki ya rubuta su ƙarara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Wato kududdufi ɗaya, iyayen gida uku. Ka je wa ciyaman ya ce jiha ta riƙe kuɗi. Ka je wa kwamishina ya ce zinari na Abuja ne. Ka je Abuja a ce ba a samu rahoto daga jiha ba. Rahoton kuwa shi ne wanda kawun ɗan'uwanmu ya kai sau biyu ba a rubuta ba. Tun daga wannan teburin maganar ta mutu.

Uzurin ciyamomi ma ya ragu, don a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi a ba su kai tsaye. Ko ana bin hukuncin ko ba a bi, tambayarsu za mu yi su faɗa da bakinsu.

Shawarata: a daina kai kuka da baki. Baki ba ya barin sawu. A rubuta takarda, kwafi uku, da ranar da dabbobin suka mutu da alamomin da aka gani, hakimi ya sa hannu, a kai ofishin ƙaramar hukuma, da ma'aikatar da ke kula da dabbobi, da ta lafiya a Gusau. Kowane wuri a sa su buga hatimin karɓa a kwafinku. Ma'aikaci ba ya tsoron hawaye, hatimi yake tsoro, don ranar da yara suka fara faɗuwa za a nemi wanda takarda ta kwana a teburinsa.

Baba Tsoho:
Yara, ku bar ni in sa baki, jikana ne ka rubuta mini. Ni na ga lokacin da malaman dabbobi ka biyo ruga-ruga da akwatin ƙanƙara. Su aiko wa ardo kwana uku kafin su zo, a tara shanu a shinge, a yi wa kowace allura, a huda mata kunne don a san an yi. Lokacin muna biyan jangali muna ƙorafi, amma dai mun san abin da munka saya. Cutar bushiya ta shanu ta 1983 na gan ta. Mutum mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kaɗai, wasu sun haukace, ba labari anka ba ni ba. Amma da anka tashi tsaye da allura an kashe ta, yau ba bushiya a duniya baki ɗaya. Allurar kuma a nan ƙasar anka yi ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, jihar Filato. Yanzu ciwon huhu na cin garke, ɓoru na gurgunta su duk shekara, ga sammore, ga hanta, kowa ya zama likitan kansa da sirinji a aljihu.

Dakta na Dabbobi:
Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. A 2011 aka shelanta kawar da bushiya daga duniya. Cibiyar Vom tana nan tun 1924, kuma har yau tana yin rigakafin ciwon huhu, da na saifa, da na harbin daji. Matsalar ba a yin allurar take ba, a tsakanin Vom da wuyan saniya take. Rigakafi yana son sanyi tun daga inda aka yi shi har inda za a soka. Firij ba wuta, babur ba mai, ma'aikaci ba alawus. Sai a yi bikin ƙaddamarwa a babban gari, babban baƙo ya soka wa bijimi ɗaya a ɗauki hoto, a tashi. Na saifa da na huhu kuwa ba na sau ɗaya ba ne, maimaitawa suke so shekara-shekara.

Sirinjin aljihun da Baba ya ambata shi ma wata guba ce da ba a magana a kanta. A yi wa saniya allura yau, gobe a tatse ta a kai nonon tasha, ko jibi a yanka. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira, ba mai karantawa. Mutane na shan ragowar maganin a fura, ranar da suka kwanta ciwo a ba su irinsa ya ƙi ci.

Ɗan Ardo:
Akwai abin da ba wanda ya faɗa. Mu yanzu ko dabba ta mutu ba ma son zuwa ofis. Ka shigo gari da sanda da rawani, kafin ka buɗe baki an gama yanke maka hukunci. Wanda bai ji ba bai gani ba yana biyan bashin ɗan ta'adda, alhali shi ma an kore masa shanu. Mashayar da kakanninmu suka sani an noma ta, burtali an toshe, dajin da aka keɓe don kiwo ba ya shiguwa. In ba kududdufin wankin zinari ba, ina za a sha? An yi mana maganar Ruga a Maradun a 2019, da asibitin dabbobi da makaranta da ruwa. Wanda ya san abin da ke gudana a wurin yau ya faɗa mana.

Bawan Allah:
Jama'a mu ji tsoron Allah. Cuta da mutuwa ƙaddara ce. Saniyar da kwananta ya ƙare ko a Vom take sai ta mutu. Mu yawaita istigfari.

Malamar Asibiti:
Istigfari wajibi ne, Malam, ba mai musu. Amma irin wannan magana mun ji ta daga sama a 2017, lokacin da sanƙarau nau'in C ke kwasar mutane, Zamfara ce kan gaba a mace-mace. Gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce zunubin jama'a ne ya jawo, har Sarkin Kano Sanusi ya fito ya ce masa a nemo rigakafi. Mu da muke ɗaura wa yara ruwa a lokacin, allura muke jira.

Alaramma:
Bawan Allah, ƙaddara gaskiya ce, amma ba mayafin shugaba ba ce. An ruwaito Sayyidina Umar yana tsoron ko dabba ce ta halaka a bakin kogin Furatu saboda sakaci, Allah zai tambaye shi, shi kuwa yana Madina. Wannan dabba ce ɗaya, a wata ƙasa. Mu bakwai ne, tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba daga gidan gwamnati. Kuma wanda ya sayar wa musulmi naman da ya san yana da cuta bai faɗa ba, shi ma ya shirya amsarsa.

Yaron Rami:
Na ga kowa na zaginmu a fakaice, bari in yi magana. Ni ina wannan aiki. Gonarmu tana nan, shekara huɗu ba mu taka ta ba, wanda ya je sai an biya kuɗi kafin ya girbe. Dutsen nan shi ke ciyar da gidanmu mutum goma sha ɗaya. Mun san akwai dalma, ba jahilai ba ne mu, ƙanwar abokina tana cikin waɗanda suka tafi. Shi ya sa ba ma kai dutse cikin gida yanzu, muna canza kaya kafin mu shiga. Bakin ruwa kuwa dole ce ta kai mu, wanki ba ya yiwuwa sai da ruwa, zaibar da ake kama zinarin da ita ma a nan ake zubar da ruwanta.

A Afrilun 2019 aka ce an hana haƙa a Zamfara. Wa ya daina? Ƙananan ne aka riƙa kamawa, masu manyan injina ba a taɓa su ba, aikin ya koma ɓoye, mai zuwa ya koya mana yadda za mu kare kanmu ma ya daina zuwa. A Disamban 2024 aka ce an ɗage. Tsakanin hanin da ɗagewar ba wanda ya zo ya ce ga fili nesa da gari, ga rijiyar burtsatse, ku koma can, ga injin da ke niƙa da ruwa ba ya tayar da ƙura. A yi mana haka a gani in za mu ƙi.

Mai Fatan Alheri:
To ka ji, da bakinsa ya amsa su ne. Amma an fi son a zagi gwamnati. Ba a faɗin alherin da aka yi: Bagega ba gwamnati ce ta ba da kuɗin gyara ta ba? Ba a kafa ma'aikatar kiwo sukutum a 2024 ba? Wasu a nan 'yan adawa ne kawai.

Lauyan Talakawa:
Madalla da ka kawo Bagega, don ita ce hujjata ba taka ba. Tun 2010 aka san garin na cikin guba. Sauran ƙauyuka bakwai an kankare su da taimakon ƙungiyoyin waje, Bagega ta fi girma aka bar ta. Likitoci suka ce ba za su fara ba yara magani ba sai an gyara ƙasa, don in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi tsakar gidan da ya ɗauko gubar, aikin banza ka yi. Yara wajen 1,500 suna jira. An yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗi suka maƙale. A Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja kan maganar, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta yi rahoto, MSF ta yi ta kuka, matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da gangamin ceto Bagega a intanet. Sai a ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Jonathan ya saki kuɗin. Aikin da kansa, kankare saman ƙasa a gidaje, a binne ta a rami, a zubo sabuwa, watanni kaɗan ya ci. Jiran ne ya ci shekaru. Kuɗin ba tausayi ne ya fito da su ba, kunya ce.

Bayan nan an koyi darasi? A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. MSF kuma ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Zamfara a 2022 ta janye daga shirin. To yanzu nauyin auna jinin yara da auna ƙasa a wuyan wa yake? Ba a wuyan Turawa ba. Ma'aikatar kiwo ta tarayya kuwa muna maraba, amma kawun wannan bawan Allah bai ga minista ba, kwaɗo ya gani.

Ba ruwana da jam'iyya. Daga 2010 zuwa yau gwamna nawa aka yi, jam'iyya nawa ta hau ta sauka? Kududdufin bai san su ba.

Mai Fatan Alheri:
Kai dai lauya ne, bakinka ya fi nawa. Amma ku tuna ma'aikacin nan da kuke zagi wataƙila shi ma da aljihunsa yake sayen mai.

Dakta na Dabbobi:
A nan kam na yarda da kai. Na yi shekaru ina sayen safar hannu da kuɗina. Sai dai rubuta suna da gari a littafi ba ya cin mai.

Shugaban Zaure:
Jama'a, na goge saƙonni biyu da aka ambaci sunan wani ma'aikaci da zagi. Ba mu da tabbacin shi ne, kuma ba don haka muka taru ba. Lauya, ka rubuta takardar ka turo wa mai maganar ta gefe. Wanda ke Gusau kuma yake da hali ya raka shi, don mutumin ƙauye shi kaɗai a bakin ƙofa ake tsayar da shi.

Dillalin Kara:
Ni zan raka shi ranar Litinin in Allah ya kai mu. Kuɗin mota a kaina.

Jikan Mai Shanu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Na samu hakimi jiya da dare na karanta masa abin da Dakta da Malama suka rubuta. Ya sa sanƙira ya zaga gari da safe, an ce kada a sha, kada a shayar. An ja ƙaya an kewaye gefen da shanu ke sauka, amma awaki na bi ta ƙasa, kuma da hantsi na ga mata biyu suna ɗiba ta ɗaya gefen. Na yi musu magana, ɗaya ta ce in nuna mata wani ruwan. Famfon garin ya shekara biyu da lalacewa. Ban samu abin ce mata ba.

Maraƙin farar saniyar ya mutu da asuba. Kawu ya kora sauran zuwa wurin surukinsa. Masu injin sun ce za su matsa in an nuna musu wuri, hakimi ya ce zai duba.

Dakta, hantar tana cikin kula, amma ƙanƙarar ta narke tun jiya kuma ta fara wari. Har yanzu za ta yi, ko in zubar?

Dakta na Dabbobi:
Kada ka zubar. Dalma ba ta ruɓewa, ko naman ya lalace tana ciki. Ƙara mata leda biyu, ka nemi ƙanƙara wurin masu sayar da ruwan sanyi, kada ka sa gishiri, kada yara su taɓa. Ka ɗebo ruwan kududdufin a gorar roba mai tsabta, da taɓon bakinsa cikin wata ledar daban, ka rubuta ranar a jikin kowanne. Ku taho da su Litinin ɗin.